Yadda Za Ka Zille Wa Jarrabawar Tuƙi, Bisa Tafarkin Usta Mitwalli

Kai direba, kwantar da hankalinka. Na san abin da ya hana ka sakewa: sabuwar dokar nan da ta ce duk mai ɗaukar fasinja sai ya koma an sake gwada shi, ido da alamun hanya da tuƙi, kuma ba sau ɗaya ba, duk bayan 'yan shekaru. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan yadda na jera su, babu jami'in da zai zaunar da kai gabansa kamar ɗan firamare. Ba daga littafi na kwaso su ba. A kan idona Usta Mitwalli ya bi su, mutumin da ya tsufa yana jigilar mutane daga garinmu na nan Masar zuwa Iskandariyya a farar motarsa, kuma teburinmu ɗaya da shi a shagon shayin bakin tasha. Ni ban taɓa riƙe sitiyari ba, shi ya sa hankalina bai rabu biyu ba wajen nazarin harkar.

Mataki na 1: Ka nuna dokar ba da kai take ba

Ranar da labarin ya iso, kada ka nuna ka ji. Ci gaba da juya shayinka. Sai an matsa maka sannan ka ɗago, a hankali.

Wanda ya matsa wa Usta shi ne Ammu Girgis wanzami. Sa'anni ne, shagonsa na manne da shagon shayin, kuma tun suna samari ba shi da aikin da yake jin daɗinsa kamar tsokanar Usta.

"Abu Nagwa," ya kira shi da sunan 'yarsa, "an ce za a mayar da ku aji. In saya maka fensir?"

"Da yara ake," in ji Usta. "Masu tuƙi da waya a kunne. Ni wa zai gwada ni? Wanda zai gwada ni ɗin, a motata aka kai uwarsa asibiti ta haife shi."

Riƙe wannan magana da kyau, tana aiki a kan duk jami'in da gashinsa bai fara fari ba. In wani ya ce ai saboda yawan haɗari a hanyar gonaki aka kawo dokar, ka yi ajiyar zuciya ka ce kowa da ranarsa. Ba wanda zai ja da kai, don kowa na tsoron ja da wannan.

Mataki na 2: Ka ɗauki alamun hanya a matsayin shawara

A kowane gida akwai mai ɓata shiri. A gidan Usta 'yarsa ce, Nagwa, mai aiki a kantin magani. Ita ta riga ta ci sabuwar jarrabawar wajen neman nata lasisin, kuma tun daga ranar take tsayawa a danja ko da babu ɗan sanda, abin da ya sa mahaifinta ba ya son a gan shi a motarta.

Suna cin abincin rana ta miƙa masa waya.

"Baba, wannan alamar me take nufi?"

Usta ya kai wayar har kan hancinsa, ya mayar da ita nesa, ya sake dawo da ita. Jan abu ne dai, da fari a tsakiya.

"Tana nufin a shiga a hankali."

"Tana nufin ba a shiga."

"Haba. Akwai irinta a layin gidan burodi, kullum sai na bi ta nan, ba wanda ya taɓa cewa uffan."

"Suna cewa, Baba. Hon ɗinka ne ba ya bari ka ji."

A nan za ka gyara zama ka yi wa yarinya karatu, yadda Usta ya yi. Hon ɗaya, ga ni nan. Biyu gajeru, na gode. Ɗaya dogo, gaisuwa ce zuwa ga mahaifin direban gaba. Motar da ke da hon, direbanta kuma yana da hannun da zai fitar ta taga, me za ta yi da sigina? Duk wannan ilimi ne, kawai ba a rubuta shi ba.

Matarsa, Sitt Fathiyya, tana zaune a gefensa. Ta dai ga yadda ya yi da wayar. Da ya fara lalube a kan tebur, sai ta tura masa gishirin kusa da hannunsa.

Mataki na 3: Nemi wanda ya san wani

Babu ofishin da ba shi da surukin wani a ciki. Aikinka ka gano surukin waye.

Usta ya gano Ustaz Bahgat, mai sayar da kayan wuta, wanda ya rantse mijin ƙanwar matarsa babba ne a ofishin lasisi. Ba a zuwa wurin irin wannan mutumi hannu rabbana. Sai Usta ya jira Sitt Fathiyya ta tafi kasuwa, ya hau saman bene inda take kiwon agwaginta, ya cafko biyu mafiya ƙiba. Ka lura, agwagwa ba cin hanci ba ce. Zumunci ce mai fukafuki.

Ustaz Bahgat ya karɓa, ya ce a bar masa komai. Da sati ya zagayo Usta ya leƙa, ya tarar da shi yana sakace haƙori.

"Usta, an yi magana. Mutumin ya ce yana gaishe ka ƙwarai."

"To, lasisin fa?"

"Abin da ban sani ba ke nan. Ashe shi lasisin kwale-kwale yake bayarwa. In kana da niyyar komawa kamun kifi, wallahi gobe ma an gama."

Da yamma Sitt Fathiyya ta ajiye masa miyar lalo da shinkafa, babu ko ƙashi a ciki. Ya ɗaga cokali ya laluba, ya tambayi ina naman.

"Ya tafi neman lasisi," in ji ta.

Kada wannan ya karya maka gwiwa. Matakin bai gaza ba, kogin ne kawai ya shigo cikin maganar.

Mataki na 4: Haddace gwajin ido

Da gwajin ido ake farawa, kuma shi ne ya fi sauƙi ga mai ƙwaƙwalwa. Allo ne a bango, da zobba masu baki, manya a sama ƙanana a ƙasa, likita ta nuna kai kuma ka faɗi inda bakin ya kalla. Duk direban da ya riga ka shiga, ka tare shi da shayi ya karanto maka abin da ya gani.

Haka muka yi wa Usta. Muka haɗa masa jerin har ya zama waƙa, Ammu Girgis na buga masa tebur. Sama, hagu, hagu, ƙasa, dama, sama. Yana wanka yana yi, yana tuƙi yana yi, har wani fasinja ya ɗauka wuridi ne ya riƙa cewa amin.

Ranar gwajin ya shiga da sabuwar jallabiya. Likitar matashiya ce, ta nuna masa kujera ta ce ya rufe ido ɗaya. Kafin ta juyo, Usta ya kafa ido a bango ya fara. Bai yi tuntuɓe ba har ƙasan jerin, har ƙananan nan da samari ma ke fama da su. Ya gama ya jingina, yana jiran yabo.

Likitar ta bar shi ya gama tsaf.

"Alhaji, ban kunna allon ba tukuna. Kuma yana bayanka, a madubi ake kallonsa. Abin da kake karantawa na'urar sanyaya ɗaki ce."

Ta matso da 'yar fitila ta haska idonsa na dama, ta haska na hagu, ta daɗe a kan na hagun. Muryarta ta sauya.

"Tun yaushe kake ganin abubuwa kamar ta bayan labule?"

"'Yata, gilashin motar ne ya tsufa."

"A nan babu gilashin mota. Yana ce ta rufe maka idanu, duka biyun. Aiki ne ƙarami, a yi maka da safe ka koma gida da rana. Amma kafin a yi, don Allah kada ka ɗauki kowa a mota."

Darasin da ke nan: ka tabbata ka tambayi inda allon yake.

Mataki na 5: Kada gida su sani, kuma ka zaɓi fasinjan gaba da kyau

A gida Usta ya ce likitar ta yi mamakin ƙarfin idonsa, ta ce ya dawo wani lokaci ta nuna wa ɗalibai. Washegari ya fito da mota kamar kullum. Kada ka zarge shi da taurin kai kawai. Tsoron wuƙa a ido yana nan, amma akwai wanda ya fi shi. Mutumin da tasha gaba ɗaya ke kira Usta, wato gwanin sana'a, in aka karɓe mukullin, da wane suna za a kira shi? Zai zauna a shagon shayi daga safe har yamma yana kallon yara suna lodi. Wato zai zama kamar ni, kuma ya san yadda ake yi da ni.

Dabarar ita ce kujerar gaba. Kada ka ba jarumi. Nemi wanda ya fi kowa tsoro, wanda tun kafin a tayar da mota ya riƙe ƙofa. In ya ja numfashi, sassauta. In ya fara salati, taka birki. In ya kira sunan uwarsa, karkata dama. Usta ya daɗe yana tuƙi da idanun matsorata, kuma a ganinsa wannan haɗin kai ne tsakanin direba da jama'a.

Ranar da abin ya faru, ya dawo daga Iskandariyya da la'asar sakaliya, rana na dukan gilashi kai tsaye. Fasinjan gaba ya sauka a bakin gada, ba kowa a kujerar. Ya karyo kwanar kasuwa, ya ga wani baƙin abu a gefen titi, ya ɗauka inuwar turken wuta ce. Wata mata a kujerar baya ce ta ƙwalla ƙara. Ya taka birki da duk ƙarfinsa, motar ta ja taya, wani abu ya daki gabanta, tumatir ya watsu a titi.

Inuwar mutum ce. Mace ce cikin baƙar abaya, ta faɗi zaune, kwandonta a ƙarƙashin taya.

Ƙa'idar sana'a ita ce ka riga wanda ka buge yin faɗa. Usta ya zuro kai ta taga.

"Ke baiwar Allah, titin na gidanku ne? Ba ki da mijin da zai zaunar da ke a gida?"

Matar ta dafa ƙasa ta miƙe. Ta karkaɗe abayarta, ta tako tana ɗingishi har bakin tagar, ta sunkuyo daidai fuskarsa, inda zai iya gani.

"Ina da shi, Abu Nagwa. Makaho ne."

'Yan kasuwa sun so su yi dariya, wasu ma sun fara. Usta bai ji su ba. Ya fito ya durƙusa yana tsince tumatir, yana sa mata a hannu, har da waɗanda suka fashe. Gwiwarta ta goge tana jini. Ya buɗe mata ƙofar gaba, ta ƙi shiga. Ta ce da ƙafa za ta ƙarasa, kuma shi ma da ƙafa.

Haka suka tafi, ita a gaba tana ɗingishi, shi a baya da fasasshen kwando, fasinjoji na tsaye a titi da kayansu. Da suka isa gida ya ajiye mukullin a gaban Nagwa. Ita kuwa ba ta ce ai na faɗa maka ba, ta tashi ta ɗauko auduga ta wanke wa uwarta ciwo.

A matsayina na masani, shawarata a wannan mataki ita ce ka san kwandon matarka.

Mataki na 6: In an kai ka asibiti, ka ce rakiya ka je

Ga duk wanda ya tambaya, Usta ya ce Sitt Fathiyya ya raka a duba mata gwiwa. Ya dawo da auduga a ido ɗaya, ya ce sauro ne. Bayan 'yan makonni ya dawo da ita a ɗaya idon, Ammu Girgis ya ce lallai wannan sauro mai adalci ne.

Haɗarin wannan mataki shi ne za ka fara gani, kuma ba wanda zai shirya ka.

Da aka cire audugar farko, matarsa ya fara kallo. Ya daɗe yana kallonta har ta tsargu.

"Fathiyya, yaushe kika yi furfura haka?"

"Kana gani na fara. Da ka daina gani na ƙarasa a natse."

"Ta yi miki kyau," in ji shi. Ta ce ya rufa mata baki a gaban likita, amma ta gyara ɗankwalinta.

Daga nan sai motar. Shi a saninsa fara ce sumul kamar ƙwai. Ya zagaya ta ya ga ba gefen da bai loɓa ba, ga fentin motocin mutane kala-kala a jikinta, har da shuɗin ƙofar gidan burodi. Ya tambayi wa ya yi masa wannan aika-aika. Duk 'yan tasha suka koma juya shayinsu.

Sai titi. Nagwa ce ta tuƙo shi gida, yana kujerar gaba. Ya ga babur mai ƙafa uku ya fito ta hannun da ba nasa ba, ya ga amalanken jaki a tsakiyar hanya, ya ga babbar mota na wuce wata a kan kwana, ya ga wata uwa ta ratsa tsakaninsu da jariri a kafaɗa. Ya riƙe ƙofa da hannu biyu.

"Yau wani abu ya faru a garin ne?"

"Kullum haka yake, Baba."

"A cikin wannan nake tuƙi?"

"Kai ne ma gaba-gaba."

Kafin su kai gida ya yi salatin da ya fi na duk fasinjojin da ya taɓa ɗauka.

Mataki na 7: In ka tsinci kanka a filin jarrabawa, ka ce kallo ka zo

Na sani, na yi maka alkawarin ba za a kai nan ba. Amma ka lura, ba jami'i ne ya kira Usta ba, da ƙafarsa ya je. Wannan daban ne.

Nagwa ta koya masa alamun da yamma-yamma, yana gardama yana haddacewa. Alamu ya ci. Ido ya ci, har ya karanta wa likitar sunan kamfanin da ya buga allon. Tuƙi ne ya kayar da shi. An jera robobi masu tsini a fili, aka ce ya ratsa su gaba ya dawo da ribas. Jami'in saurayi ne marar fara'a, ya zauna a gefensa. Filin fayau, ba mutum ba kare, amma hannun Usta da kansa ya danna hon kafin motar ta motsa. Da zai karya kwana, hannun hagu ya fice ta taga.

"Wa kake yi wa hon, Alhaji?"

"Robobin. Gara su sani."

Jami'in ya ce ya dawo wani watan. Usta ya buɗe baki zai kawo maganar wanda ya kai uwar wani asibiti, sai ya rufe. Ya tambaya a ina kuma ya yi kuskure, saurayin ya gaya masa, ya saurara.

Zuwa na biyu ya damƙe sitiyari da hannu biyu kamar za a ƙwace masa, ya kunna sigina, ya duba madubi, ya ratsa robobin bai taɓa ko ɗaya ba. Jami'in ya ce ya ci. Usta ya ce a ganinsa ma an yi sassauci, ya kamata a ƙara matse robobin.

Mataki na 8: Ka koma yadda kake

Wannan ne mataki mafi muhimmanci, kuma a nan Usta ya ba ni kunya. Mai hankali in ya karɓi lasisi sai ya ajiye duk abin da ya koya a ƙofar ofishin, ya koma gida da halinsa. Usta ya taho da nasa.

'Yar ƙanin Ammu Girgis za ta yi aure a wani coci a Iskandariyya, muka cika motar Usta, kowa ya sha ado, Sitt Fathiyya a gaba. Ya ƙi tayar da mota sai da ta ɗaura bel. Ya tsaya a danjar bakin gada, ba kowa a titin. A hanyar gonaki manyan motoci suka yi ta wuce mu, sannan ƙananan, sannan wata tarakta da ke jan rake. Wani yaro a kan jaki ya daɗe yana tafiya daidai tagarmu yana kallonmu.

"Abu Nagwa, don girman Allah taka motar nan," in ji Ammu Girgis. "Aure za a ɗaura, ba suna ba."

"Ga alama can, ta faɗi iyakar gudu. Kana ganinta, ko in kai ka wurin likitata?"

Da muka isa cocin an share shi, an kashe fitilu. Muka wuce wurin walima muka tarar ana tattara kujeru, ango da amarya sun tafi, manyan farantan sai ƙasusuwa. Ammu Girgis ya tsaya da kwat ɗinsa a tsakiyar fili, ya juyo kan abokinsa.

"Ka cuce ni. Da can da kake makaho ba mu taɓa makara ba."

Usta bai yi fushi ba. Ya zagayo ya buɗe wa matarsa ƙofa, ya riƙe mata hannu ta sauko, sannan ya dubi Girgis.

"Duba jikinka. Akwai abin da ya ragu?"

"Cikina."

"Shi ana cika shi. Mu je bakin teku in saya muku kifi."

Muka je. Da ƙafa, don ya ce a can an hana ajiye mota.

Sanarwa ta ƙarshe

Mai wannan rubutu ya bayar da shawara ne saboda Allah, kuma daga nan hannunsa ya fita. Duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari yana ganin titi, ko yana tsayawa inda aka ce a tsaya, ko 'yan tasha suka daina gayyatarsa biki, ya kuka da kansa. Ba na karɓar ƙorafi daga direbobi, ko fasinjoji, ko dangin amarya. Wanda kuma ya nace sai ya zo mun yi ta, ya same ni a shagon shayi, amma ya hawo motar Usta Mitwalli. Kafin ya iso ya huce.